Jirgi mai inji biyu a Zariya

Mu mutanen Rumbu sanin nesa muka yi wa jirgin sama. Sai ka ji ƙugi, ka ɗaga kai ka ga farin hayaƙi ya ratsa kwarin Tarka ya yi arewa, shi ke nan. A Zariya abin ba haka yake ba. Tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a garin, ƙananan jiragen ɗalibai kuma wuni suke suna shawagi ƙasa-ƙasa, har masu talla ba sa ɗaga kai. Yaron da ya tashi cikin wannan ƙugi, in ya ce zai ƙera nasa, ba mai ce masa ya taɓu.

Ziyarar ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta kai ni, ta Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya, na bi Katsina da Funtuwa. Shi ya ja ni shagon wani abokinsa mai gyaran waya a Samaru. Gaban shagon wayoyi ne da caja. A ƙurya kuwa, jingine da bango, ga jirgi nan, faɗin fukafukansa ya kai gaba guda. Da na ɗaga shi sai na ji sakayau. Ashe gangar jikin duka farin soson nan ne da ake kunshe firij da talabijin a ciki. Mai shagon yakan yanka shi da siririyar waya da ya ba wuta ta yi zafi, ya goge da samfefa har fiffiken ya yi doro a sama ya kwanta a ƙasa, ya cusa siririn katako a ciki don ƙarfi, sannan ya naɗe da salatif. Injunan lantarki biyu da batir da rimot kaɗai ya sayo daga Sin.

Na ce, "Samari, inji ɗaya bai isa ba ne?"

Ya yi dariya. "Baba, ya isa. Biyun dai sun fi ɗaukar kaya, amma sun fi rigima."

Ya kwantar da jirgin bisa benci ya nuna mini rigimar. Farfela in tana juyawa dama, ƙoƙari take ta murɗa jirgin hagu. Don haka ya sa farfelolin nasa suna juyawa saɓanin juna, murɗar wannan ta kashe ta waccan. Dole kuma ƙarfinsu ya zo daidai. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa shanu biyu amalanke, ɗaya ƙaƙƙarfa ɗaya rago, ya san inda amalanken ke nufa. In inji ɗaya ya mutu a sama, hancin jirgin zai karkata wajen mataccen, fiffiken wannan gefe ya sunkuya, kuma in matuƙi ya firgita ya ƙara wuta, jirgin zai yi juyi ya zo ƙasa da ka. Maganin shi ne ka rage wutar mai ran, ka karkata jelar ta ɗaya gefen, ka lallaɓo shi. Wani tabon gam da ke wuyan jirgin shaida ne cewa ba a littafi ya koyi wannan ba.

Abin da ya fi burge ni awonsa. Kafin ya fita sai ya ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, wajen sulusin faɗinsu daga gaba. Jela ta rinjaya. Ya buɗe cikin, ya matsar da batir gaba da kaurin yatsa guda, ya sake ɗorawa. Ya ce mai nauyin hanci yana tashi da kasala, mai nauyin jela kuwa ba ya jin magana sam. Bai yarda ba sai da jirgin ya tsaya cak bisa yatsun.

Bayan la'asar muka je wani filin ƙwallo. Ya ɗebi ƙasa ya sheƙa don ya ga inda iska ke zuwa, ya fuskantar da jirgin can, ya tura sandar rimot a hankali. Injunan suka ɗauki kuka tare, jirgin ya ruga ƴan taku ya rabu da ƙasa. Ƴan ƙwallo suka bar ƙwallo. Shi ko ƙifta ido ba ya yi, manyan yatsunsa kawai ke motsi, kaɗan-kaɗan. Kafin minti goma ya sauko da shi, don batir ɗin iyakarsa ke nan.

A bakinsa na ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin Honda Civic, duniya ta ji shi a 2007. Ni ma na ba shi namu: Abdul'aziz Kunce na Yamai, wanda ya faro da irin waɗannan ƙananan jirage, har a 2016 aka yi amfani da jirginsa maras matuƙi wajen ɗaukar taswirar sansanonin ƴan gudun hijira a jihar Diffa.

Ya ce in ina son ganin inda wasan ya zama aiki, in bi hanyar Jos zuwa Pambeguwa. Na bi. A nan kamfanin Zipline na Amurka, wanda ya fara kai jini asibitocin Ruwanda a 2016, ya buɗe tasha a 2022. Jiragensu ba sa bukatar titi. Wata na'ura ce ke cilla su, su yi gudun kusan kilomita 100 a awa, su kai nisan kilomita 80, su saki ɗan akwatin magani da laimar takarda a harabar asibiti, su juyo, wata igiya ta cafke su ta ƙugiyar jela. Su ma injinsu biyu ne, ɗaya na iya dawo da jirgin in ɗaya ya tsaya. Kayan da suke ɗauka bai cika kilo biyu ba, amma kilo biyu na jini ko maganin dafin maciji ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san hanyarmu ta Sakabal zuwa Dakoro da damina.

Da na koma Samaru na faɗa wa mai gyaran wayar haka. Bai yi zumuɗi ba. Ya tambaye ni yadda zafin bazara yake a wajenmu, da ƙarfin iskar hunturu, da ko akwai wutar caji. Ya ce irin wannan batir zafi na kumbura shi, har yakan kama da wuta, rairayi kuma yana cinye inji. Ya jawo takardar awonsa, ya rubuta amsoshina a bayanta, sannan ya tambayi kilomita nawa ne daidai tsakanin Sakabal da Dakoro.