Gansakukar Kududdufi

A bayan gidanmu, cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Kuyambana, dā akwai wani kududdufi. Kun san asalin kududdufan birni. Ramuka ne waɗanda kakanninmu suka haƙa, suka ɗebi ƙasa suka yi tubali, suka gina gidaje da ganuwa, sa'an nan ruwan damina ya zo ya cika su.

Sa'ad da nake yaro kamarku, ba abin da na ƙi jini a kududdufin nan kamar gansakuka. Ran nan aka aike ni in koro agwagin kakata, na taka wani dutse da ta lulluɓe, santsi ya kwashe ni, sai ga ni tsamo-tsamo cikin ruwa. Na koma gida da koren yauƙi har ka. Kakata tana cuɗa ni tana faɗa, ta ce, "Kai dai ba ka ji! Me kake nema cikin dauɗar ruwa?"

Tun daga ran nan na ɗauka gansakuka dauɗa ce. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane kuskurena. Malaminmu na kimiyya ya tsinci sili ɗaya nata, ya ɗora bisa gilashi, ya sa ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ya ce in duba. Da na duba sai na yi shiru. Silin nan gaɓa-gaɓa ne kamar rake, cikin kowace gaɓa kuwa ga wani koren zare a murɗe, kamar zare a jikin mazari. Ashe abin da na raina mai rai ne, yana ci, yana girma, yana yaɗuwa.

Koren zaren nan shi ne madafarta. Da shi take kama hasken rana, ta haɗa ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ta yi abincinta. Abin da ya ragu kuwa ta sake shi, watau iskar oksijin, wadda in babu ita ba mai rai a cikinmu. In kun tsaya bakin kududdufi da tsakar rana, za ku ga gansakuka ta taso sama da 'yan kumfa a maƙale. Iskar ke nan. Masana sun ce wajen rabin oksijin da ake yi a duniya daga 'yan uwanta na cikin teku yake fitowa.

To, amma ruwan Zariya daga wajen watan Mayu ne zuwa Oktoba. In hunturu ya wuce, bazara ta kama, sai kududdufi ya ƙafe, ƙasarsa ta tsattsage. Ina gansakuka take zuwa? Ga abin da take yi. Kafin ruwa ya ƙare, sili biyu sukan jeru gefe da gefe, abin da ke cikin gaɓar wannan ya tsiyaye cikin gaɓar wancan, su dunƙule su zama 'yar ƙwaya mai taurin ɓawo, wadda ido ba ya gani. Ƙwayar ta nutse cikin laka ta kwanta. Rana ta yi ta dukanta wata da watanni, ba ta mutu ba. Ruwa na sauka, sai ta tsage, sabon sili ya fito.

Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, kuma a cikinta labarin itatuwa duka ya soma. Masu binciken duwatsu sun gano cewa akwai zamanin da tudu bai da ciyawa ko ɗaya, fayau yake kamar gadon dutsen Kufena. Masu rai kusan duka suna cikin ruwa. Alamar tsiro mafi tsufa da aka samu a tudu ta kai shekara miliyan 470. Don ku san yawan wannan, in mutum ya yi ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, lamba ɗaya kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutu, sai ya yi kusan shekara 15 kafin ya kai. Da masana suka gwada ƙwayoyin gado na tsire-tsire, suka tarar dangin da suka fi kusa da tsiron tudu su ne irin gansakukar nan mai yauƙi ta ruwan daɗi. Ba ita ce ta haifi itatuwa ba, a'a, kaka ɗaya suka haɗa.

Yaya abin ruwa ya koyi zaman tudu? Ba dare ɗaya ba. Ku tuna yadda manomi yake zaɓen zangarniya mafi kyau ya ajiye don iri. To, haka fari ya yi ta zaɓe a bakin tafkunan dā masu cika su ƙafe. Cikin 'ya'yan da aka samu, waɗanda suka ɗan fi jure bushewa suka rayu, suka bar zuriya, sauran suka mutu. A hankali, cikin ikon Allah, zuriya bayan zuriya, aka sami masu kakin zuma-zuma a fata don kada ruwan jikinsu ya tsere. Ku ɗiga ruwa bisa ganyen gwaza, ku ga yadda yake gangarewa. Amma wanda ya rufe jikinsa ruf, ta ina zai sha iska? Sai aka sami 'yan ƙofofi a ganye, masu buɗewa su rufe, kamar yadda dā ake rufe ƙofofin birni da dare. Daga baya saiwa ta zo, da jijiyoyin da ke kai ruwa sama, da itace mai tauri. Da waɗannan ne rimayen Zazzau suka iya miƙewa har matafiyi ya hango su tun daga nesa.

Akwai wadda ta tsaya a tsakiyar hanya. Koren nan mai laushi da ke fitowa gindin katanga da damina, wanda shi ma muke kira gansakuka, tsiron tudu ne, amma ba shi da saiwa ta sosai, kuma ba ya haihuwa sai da danshi.

Har yanzu tsiro yana lura da sauyin zamani. Kuka takan zubar da ganyenta da rani. Dawa takan naɗe nata in ƙishirwa ta matsa. Ni dai dawar gargajiya ta fi ba ni mamaki, gama masu bincike na Samaru sun nuna tana auna tsawon yini, ta fid da kai daidai lokacin da damina take shirin tafiya.

Gansakukar kududdufi ma tana amsa abin da muka yi mata. In ruwan sabulu da na makwarara da ragowar takin zamani suka yi yawa, sai ta sami abinci fiye da kima, ta rufe ruwa. Sa'an nan ta mutu ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar ruwan, ƙananan kifaye su taso ciki sama. Akwai kuma wata iri, mai kama da koren fenti, wadda takan yi dafi har ta kashe dabba. In kun ga ruwa ya yi haka, kada ku bar awaki su sha. Ku ma kada ku shiga, ko da ruwan ya yi garau, gama a irinsa ake ɗaukar tsargiya.

Kududdufinmu yanzu babu shi. An cike shi da shara da ƙasa, an yi gini a kai. Kafin a rufe shi na je da bazara na ɓantari busasshiyar lakarsa, na ajiye cikin gwangwani. Bayan shekara biyu, da na je duba wata makaranta, na jefa ɗan guntu cikin kwalbar ruwan rijiya, muka ajiye bakin taga. Wani yaro ɗan aji huɗu ya ce, "Malam, ai ƙasa ce kawai."

Na ce, "To, ka riƙa dubawa kowace safiya."

Da na komo bayan mako biyu, shi ya tarye ni tun daga ƙofar makaranta, riƙe da kwalbar hannu biyu. Gindinta ya yi kore, ga 'yan kumfa suna tasowa ɗaya-ɗaya.