Kafin ka saka LED a tsohon rediyo mai bawul

1/ Gyaran tsofaffin rediyo masu bawul nake yi, kuma kullum tambayar ita ce: "Malam, ƙwan da ke haska allon tashoshi ya mutu, ba sai a saka LED ba?" Ana sakawa. Amma akwai rediyon da ba na yarda a yi masa haka kai tsaye.

2/ Ƙwan da aka fi samu shi ne mai lamba 47: bolt 6.3, miliyamfiya 150. Wutar AC yake sha, daga layin da ke ɗumama bawul. LED kuwa bolt 2 zuwa 3 ya ishe ta, kuma ta hanya ɗaya wuta ke bi ta cikinta.

3/ Wannan 6.3 ɗin, ƙololuwarsa na kaiwa kusan bolt 9. Yawancin LED ba sa jure fiye da 5 in wuta ta juyo ta baya. Don haka nake jera mata rezista mai om 470, in haɗa dayod 1N4007 a gefenta, fuskarsa a juye. A rediyo mai taransifoma, shi ke nan.

4/ Matsalar tana ga rediyon Amurka marasa taransifoma, masu bawul biyar. A cikinsu an haɗa ƙwan da wani sashe na zaren bawul 35Z5, suna raba wutar tsakaninsu.

5/ Ka cire ƙwan ka saka LED mai shan miliyamfiya 10, sauran nauyin duk ya koma kan zaren. Yau da gobe sai ya tsinke, rediyo ya yi tsit. Ƙwai ake nema, an rasa bawul, ga shi samunsa sai an sha wuya.

6/ Irin wannan, ko dai in nemo ƙwan na asali, ko in ƙara rezista mai kusan om 42, wat 2, ta ɗauki nauyin da ƙwan ke ɗauka.

7/ Hattara: jikin ƙarfen waɗannan rediyo kan ɗauki wutar gida. Kafasita kuma na riƙe wuta mai ƙarfi bayan an kashe. Zare fulogi, sauke kafasita, auna da mita.

8/ Kafin ka ɗauki ƙarfen soda, bi wayoyin ƙwan ka ga inda suka nufa. In ka rasa gane su, turo hoto mu duba tare.