Kaka a Ƙasar Katagum: Ku Kai Yara Gona, Ku Dawo da Hatsi Mai Lafiya

Idan ruwan sama ya ɗauke, raɓa ta fara sauka da asuba, to kaka ta kama. A Amurka da wasu ƙasashen Turai, irin wannan lokaci ne manoma ke buɗe gonakinsu ga iyalai, a biya kuɗin shiga, yara su tsinci kabewa su hau motar gona. Mu a nan ba a sayar da tikiti. Duk wanda ke da ɗan'uwa ko aboki a ƙauye yana da gonar da zai kai 'ya'yansa, kuma ƙasar Katagum na cikin wuraren da za ku ga kaka da kyau. A wannan makon ina so in ba ku shawarar ku je, sannan in faɗa muku abin da za ku kiyaye, domin buhun da za ku ɗauko daga can shi iyalinku za su ci har wata damina.

Daga Kano, titin Maiduguri za ku bi: Wudil, Shuwarin, Kiyawa, ku haye gadar kogin Jama'are, sai Azare. Azare ce hedikwatar masarautar Katagum a yau, nan fadar Sarki take, nan kuma babban asibitin gwamnatin tarayya yake. Tsohon garin Katagum kuwa yana arewa, kusan kilomita 70, a Ƙaramar Hukumar Zaki, kusa da kogin. Malam Zaki ne ya kafa shi, zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma Bature mai yawon bincike Clapperton ya sauka a can a 1824 kan hanyarsa daga Barno zuwa Kano. Sai a zamanin mulkin Turawa aka mayar da fada Azare. Tsakanin garuruwan biyu ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, jigawa mai yashi da fadama gefen kogi, kuma kusan ko'ina gona ce.

Abin da za ku tarar ya danganta da watan da kuka je. Gero shi ke fara nuna, wajen Satumba, kuma lokacin ne ake cin tumu, a gasa zangarniya ɗanya a murje a tafin hannu. Oktoba ta gyaɗa ce da wake da riɗi. Dawa ita ce auta, sai Nuwamba zuwa Disamba. Idan kuka je a tsakiyar kaka za ku ga dammunan gero a jere, riɗi an ɗaure shi an jingina a tsaye yana bushewa kafin a kakkaɓe shi a kan tamfol, amalanken shanu na jigila zuwa gida, mata na sussuka da sheƙa a bakin gari. Da yamma a wasu ƙauyukan za ku ji kiɗa, domin kaka ce lokacin dambe da kokawa tun kaka da kakanni, lokacin da aljihu ya ɗan yi nauyi, kuma ita ce lokacin bukukuwan aure.

Me yaro zai samu a nan? Da yawa daga cikin 'ya'yanmu na birni ba su iya bambanta gero da dawa a tsaye ba, wasu ma sun ɗauka gyaɗa a kan bishiya take. Ku bar yaro ya tuge gindin gyaɗa da hannunsa ya ga 'ya'yan a ƙarƙashin ƙasa. Ku nuna masa gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, shi ya sa manomi ke barin ta a tsakiyar gona. Ku kai shi ya ga ana fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma a noman damina idan ya kai nisabi, ya ga masu kala suna bin bayan masu girbi ba wanda ya kore su. Yaron da ya ga wahalar da ke bayan malmalar tuwo zai yi wuya ya bar ta a kwano. Iyaye mata da ke fama da yaran da ba sa son komai sai taliyar leda da lemon kwalba, ku gwada wannan. Gero na da sinadarin ƙarin jini, wake da gyaɗa na gina jiki, kuma kunun da aka haɗa da ukun ya fi yawancin abincin gwangwani da ake saya wa yara da tsada.

Amma gona ba filin wasa ba ce, saboda haka ku yi shiri. Lokacin girbi na daga cikin lokutan da saran maciji ya fi yawa a arewa maso gabas, musamman kububuwa, wadda ke laɓewa ƙarƙashin dami da tarin kara. Kowa ya sa takalmi mai rufe ƙafa, kuma kada yaro ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin kara. Idan tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotse. A cire zobe da awarwaro, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Dafin kububuwa na hana jini daskarewa, tsaga kuwa ƙara zubarsa take yi. Allurar kashe dafi kaɗai ce magani, kuma a asibiti ake yin ta.

Idan akwai mai asma a cikinku, ya tafi da abin shaƙarsa a aljihu, ya kuma tsaya nesa da wurin sheƙa, domin ƙurar ƙaiƙayi na tayar da ciwon cikin mintuna. Kogin Jama'are da kududdufan fadama za su ja hankalin yara, amma ku bar su a kallo. A irin wannan ruwan ake ɗaukar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, sai bayan makonni a ga yaro na fitsarin jini. Idan za ku kwana, ku tafi da gidan sauro, domin ƙarshen damina sauro na nan da ƙarfinsa. Duk zazzaɓin da ya biyo bayan tafiyar, a yi gwaji kafin a sha magani. Ku riƙe ruwan sha daga gida da 'yan ƙunshin ORS. Fura da nono kuwa ba laifi, amma ku tambaya ko an tafasa madarar kafin a kwantar da ita.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a matsayina na mai aikin magunguna. Yawancin masu zuwa ƙauye da kaka ba sa dawowa hannu rabbana, suna sayo buhun wake, gyaɗa, masara ko gero saboda sauƙin farashi. Dabara ce mai kyau, amma a nan ne ake shigo da cuta gida ta hanya biyu.

Ta farko ita ce danshi. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba suna yin fumfuna, fumfunar kuma na fitar da wata guba mai suna aflatozin. Dahuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. A hankali take lalata hanta, tana da hannu a ciwon dajin hanta musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma an danganta ta da tsumburewar yara. Kafin ku biya, ku ciza ƙwaya, busasshiya za ta ce ƙas. Ko ku zuba hatsin da busasshen gishiri a kwalba ku girgiza: idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. A gida a tsince duk gyaɗar da ta yamushe, ta canza launi ko take ɗaci, a zubar. Kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita don kada ta tashi a banza.

Ta biyu ita ce maganin ƙwari. Wasu na yayyafa wa wake maganin feshi irin su Sniper don hana shi ƙwari, alhali ba don abinci aka yi shi ba. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa barkatai. Idan kun buɗe buhu kuka ji wari mai hawa kai, ku bar shi komai arharsa. Haka ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu: iskar da take fitarwa na kisa, saboda haka kada a taɓa ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da mutane ke kwana ko kusa da shi. Alamomin gubar maganin feshi su ne dalalar da yawu, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Kada a ɗura wa mutum manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A garzaya asibiti tare da kwalbar ko samfurin abincin.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar guba ko kaɗan. Buhun PICS mai ninki uku, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban, ƙwarin za su mutu don rashin iska. Jarka mai tsabta da aka cika taf aka toshe bakinta ma haka take aiki. Ku ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, ku toshe ramukan ɓera, domin Jihar Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, kuma da rani yake tashi, ta hanyar fitsari da kashin ɓera a kan abinci. Saboda wannan dalili, hatsin da aka shanya a gefen titi a kan ƙasa tsirara, ku yi hattara da shi.

Idan kun shirya tafiya, ku fara tuntuɓar mai masaukinku kan yanayin hanya, ku tashi da sassafe ku dawo kafin duhu. Ku riƙe wa mutanen gida tsaraba, sabulu ko sukari ko atamfa, kuma ku koya wa yara su durƙusa su gaida manya, su ce "sannu da aiki" ga duk wanda suka tarar a gona. In kun sayi hatsi daga hannun manomi, kada ku matsa masa a ciniki, da kuɗin nan zai biya bashin taki ya kai matarsa awo. Allah Ya sa albarka a abin da aka girbe, Ya ba mu lafiyar cinsa.