MUN CI WASA, MUN ZUBAR DA GIRMA

Ku yi haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo. Kwana huɗu ke nan ina jujjuya maganar nan a raina, na rubuta na goge ya fi sau uku, saboda akwai nawa laifin a ciki. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To yau nawa zan fara hangowa.

Da yawanku da ke nan Gidan Igwai da kewaye kun ga bidiyon da ke yawo a WhatsApp tun ranar Asabar. Ga waɗanda ba su gani ba, ga abin da ya faru. Ba zan kama sunan makaranta ko na malami ba, don ba tonon silili na zo yi ba.

Makarantar sakandaren da babban ɗana yake ta karɓi baƙuncin wata makaranta daga ɗaya daga cikin ƙananan hukumominmu na nesa, wasan ƙwallon sada zumunta. Yaron nawa ba ya buga ƙwallo, ɗan badujala ne. Shi ke riƙe da babbar ganga, wadda idan ya doka sai ka ji ta a ƙirjinka. Shekara biyu yana wannan abu, duk faretin ranar yara ta 27 ga Mayu da na 1 ga Oktoba da shi ake yi, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina alfahari da shi. Shi ya sa na ajiye komai na tafi kallo.

Baƙin sun iso wajen ƙarfe uku a wata tsohuwar bas, duk sun yi futu-futu da ƙura. Rigunansu ba su zama iri ɗaya ba, wasu ma takalmin roba ne a ƙafarsu. Tun daga nan aka fara ƙus-ƙus ana dariya. Aikin 'yan badujala a irin wannan rana sananne ne: su yi kiɗan shigowar 'yan wasa, su yi taken ƙasa, su zagaya fili lokacin hutun rabin lokaci, su koma mazauninsu. Amma ana take wasa sai suka tashi daga inda aka ajiye su, suka koma bayan ragar baƙi suka kafa sansani. Duk lokacin da mai tsaron gidansu zai kira 'yan bayansa, sai a rufe shi da ganga da begila. Na ce a raina, to, wannan kam zafin wasa ne.

Ana cikin haka aka yi karo, mai tsaron gidan ya faɗi yana riƙe da haƙarƙarinsa, ya kasa tashi. Yaro ne da bai wuce sa'ar ɗana ba. A nan ne 'yan badujalarmu suka sauya kiɗa, suka koma wannan macin mai tafiyar hawainiya da sojoji ke yi in za su raka gawa. Fili ya kwashe da shewa. Wasu suka ɗora hannu a ka suna kukan ƙarya. Yaro yana kwance yana murƙususu, ana yi masa kiɗan jana'iza.

Jama'a, na yi dariya. Wallahi na yi. Idan kuka duba bidiyon da kyau, akwai wani mai farar shadda a gefen hagu yana riƙe da ciki. Ni ne.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, baƙin suka zauna a gindin dogon yaro suna shan ruwan leda. Fili ga shi nan fetal, amma 'yan badujala ba su ga hanyar bi ba sai ta tsakiyarsu. Suka ratsa su da maci, suka tayar musu da ƙura, aka tattake ruwan. An tashi wasa 3 da 1, mu ke da nasara. Da bas ɗinsu ta kama hanyar fita, ƙananan yara suka bi ta da waƙar ƙauyawa, daga waƙa sai tsakuwa, daga tsakuwa sai dutse. Gilashin baya ya tsage, wani yaro ya yanke a gefen kunne.

Kafin su wuce, malamin da ya rako su, dattijo mai furfura, ya sauko ya nufo inda muke tsaye mu iyaye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhazai, mun gode da tarba. Ɗiyan ga tun da asuba sunka taso, ko abinci ba su ci ba, don murnar za su taho birni. Allah shi kai mu ranar da za ku taho namu gari." Ya juya ya shiga mota. Tun daga lokacin dariyar ta maƙale min a wuya, har yau ba ta sauka ba.

Yanzu an rabu gida biyu a zauren iyayen yara. Wasu na cewa a rushe badujalar, a kori malamin da ke kula da ita. Wasu na cewa ana neman mayar da allura garma, ai ƙwallo ce, kuma ko'ina a duniya mai gida yana takura wa baƙo. Wani ma cewa ya yi, "'Yan ganga ba su jefi kowa ba, a nemi waɗanda suka yi jifa." Ni ban tare da ɓangaren farko, amma na biyun ne nake son mu yi magana da su, don jiya-jiya ina cikinsu.

Gaskiya ne masu ganga ba su ɗauki dutse ba. Amma wa ya gaya wa yaro ɗan shekara tara cewa mutanen nan ba su da alfarma? Ya ga manyan yayyensa cikin kayan sarki na makaranta suna yi wa wanda ya ji ciwo kiɗan gawa, ya ga iyaye masu shadda suna dariya. Me ya rage? Idan ɗan kallo ɗaya ya yi ihu, bakinsa ne. Amma badujala bakin makaranta ce. Abin da ta buga, kamar shugaban makaranta ne ya tashi ya faɗa da lasifika. Kuma mu Hausawa ba sai an gaya mana ƙarfin ganga ba. Da ita ake tayar da manoma a gayya, da ita ake sa ɗan dambe ya manta yana da iyali. Duk wanda ya taɓa sauraron yadda marigayi Ɗan Anace ke zuga Shago ya san kiɗa na iya sa tsikar mutum ta tashi har ya aikata abin da bai shirya ba.

To amma ku lura da gidan dambe. Ko da Kudu da Arewa ake karawa, ko da Guramada, kowane ɓangare da makaɗinsa, kowa na wasa nasa gwanin. Ana zuga, ana kirari, har habaici ana yi. Amma da zarar mutum ya kai ƙasa an ce an kashe shi, wasa ya ƙare. Ba a ƙara masa ko da yatsa, ɗaga shi ake yi. Wasan da ake naɗe hannu da zare don a fasa wa mutum baki ke nan, amma yana da iyaka. Mu da muke taƙama da boko, a filin makaranta, mun kasa tsayawa inda 'yan dambe ke tsayawa.

Masu cewa wasa ne, ai mun san wasa. Mu ne masu taubasantaka. Bagobiri da Bayarabe, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzage, kowa na yi wa ɗan uwansa tsiya son ransa. Amma sharaɗinta biyu ne: wanda ka tsokana yana da bakin ramawa, kuma ranar da ya shiga wani hali, kai ne na farko a ƙofar gidansa. Yaran nan su goma sha takwas ne a tsakiyar ɗaruruwan mutane, ba ganga, ba magoya baya, ɗayansu na kwance. Wargi wuri shika yi, in ji mutanenmu.

Na tura bidiyon ga wani abokina da muka yi Jami'ar Usmanu Danfodiyo tare, yanzu yana koyarwa a Amurka. Ya ce ai su ma can rigimar da ake sha ke nan. Jami'o'insu na buga irin tasu ƙwallon, wadda ake runguma a ruga da ita, kuma filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum sama da 100,000. Manyan jami'o'insu na da 'yan badujala ɗaruruwa. Saboda sun san tasirinsu, sai da aka sa a dokar wasan cewa ba a yarda su yi ƙarar da za ta hana 'yan wasa jin umarnin junansu ba. Kuma a jami'o'i da dama al'ada ce, kafin a fara wasa 'yan badujalar gida su buga taken baƙi don girmamawa, sannan su buga nasu. Duk da haka ana samun ƙeta. A 2022 'yan badujalar Jami'ar Alabama sun fasa zuwa wasansu da Jami'ar Texas saboda an ware musu kujeru can ƙololuwar fili, nesa da 'yan wasansu. Da shekara ta zagayo Texas ta je Alabama a 2023, aka auna musu da mudun da suka auna. Magoya baya suka yi ta cacar baki a kan wa ya fara.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A watan Oktoban 2024 duk mun kwana muna tsine wa Libiya a nan Facebook, lokacin da aka karkatar da jirgin Super Eagles zuwa filin jirgin Al Abraq aka bar su a yashe dare guda. Hukumar CAF ta ba Najeriya nasara da ci 3 da nema, ta ci Libiya tarar dala 50,000. Me mutanen Libiya suka riƙa faɗa? Wai su ma ba a kyauta musu ba da suka zo nan kwanaki kaɗan kafin haka. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, kun ga yadda abin ke tafiya: kowa na da tsohon bashin da yake bi.

Ku tuna kuma da watan Afrilun 2022 a filin Sani Abacha na Kano, wasan Kano Pillars da Katsina United. Maƙwabta, 'yan uwan juna, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. Aka tashi wasa ba a gama ba, aka farfasa motar Katsina United. Aka ci Pillars tarar naira miliyan 9, aka cire mata maki, aka mayar da wasanninta na gida Abuja. Ƙarshen kakar nan ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasar nan sau huɗu ta faɗa rukuni na ƙasa, ita da Katsina United ɗin duka. Waɗanda suka yi wannan aika-aika ba daga sama suka faɗo ba. A irin filin makarantar ɗana suka koyo, a gaban manya masu dariya irina. Kuma su ne gobe za su cika mana filin Giginya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, na san yankin da yaran nan suka fito. Lokacin ƙidayar 2006, ina saurayi, can aka tura ni aiki. Ban san kowa ba. Mai garin ya sa aka share min ɗaki, kullum da safe ga fura da nono, da dare ga tuwo, har na gama ba wanda ya karɓi sisina. Wata tsohuwa har guzurin ƙuli-ƙuli ta ƙulla min. Ba mamaki cikin yaran da muka yi wa waƙar ƙauyawa akwai jikanta. Mu ne masu cewa baƙonka annabinka, kuma tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya haɗa girmama baƙo da imani. Ban taɓa jin inda aka ce ban da baƙon da ya zo da ƙwallo ba.

Daren Asabar ɗin bayan Isha'i na kira ɗana. Na ce, "Kai, zo nan. Wa ya ce ku yi wannan kiɗan?" Ya ce, "Baba, mu mi munka yi? Kiɗi kawai munka yi, ba mu munka jehi mota ba. Kuma ai na gane ka kana dariya." Mahaifiyarsa na gefe, ta dube ni ta kawar da kai. Ban sami abin cewa ba. Na ce masa gaskiyarka, kuma ni na fi ka laifi, don kai yaro ne.

Sai na tuna masa cewa nan da mako uku akwai zagaye na biyu a garinsu, kuma da 'yan badujala za a je. Nan take ya ce shi ba ya zuwa. Na ce don me? Ya ce, "Baba, in munka tai can, Allah kaɗai ya san abin da za su yi muna." Na ce to ashe ka san abin da kuka yi. Wanda ya yi kiɗa kawai ba ya tsoron zuwa garin mutane.

Ranar Litinin na nemi izini a ofis na je makarantar. Malamin badujalar shi ma abin ya dame shi, ya ce yana wajen shirya kujerun manyan baƙi lokacin da yaran suka sauya wuri. Mu iyaye bakwai muka haɗa kuɗin gilashi da na maganin yaron da ya yanke. Muka kuma roƙi abu uku, kuma ina roƙon duk mai ɗa a wata makaranta ya kai wa tasu: badujala ta zauna inda aka ajiye ta, ban da bayan ragar baƙi. Duk wanda ya faɗi, namu ko nasu, ganga ta yi shiru har ya miƙe. Sannan baƙi su fara shiga fili da kiɗan tarba, kuma da kiɗa za a raka su har bakin mota. Ban ce kar a zuga namu ba. A zuga su har ganga ta fashe. Zuga naka daban, wulaƙanta na wani daban.

Wasu iyayen sun ce a soke tafiyar kawai, kar a kai yara mahalaka. Na fahimce su, ni ma gabana na faɗuwa, ɗana ne. Amma in aka soke, yaran can za su girma da labarin yadda 'yan birni suka yi musu, namu kuma su girma da sanin cewa ana ɓata wa mutum a gudu. Na gaya wa shugaban makaranta a sa sunana cikin masu rakiya. Zan nemi dattijon malamin nan tun kafin ranar in ba shi haƙuri baki da baki, kuma ɗana da gangarsa zai tsaya a gaban mai tsaron gidan nan ya ce ya yafe masa. Ko za su karɓa, ko ba za su karɓa ba, wannan nasu ne.

Wanda ya san dattijon ko wani daga cikin iyayen yaran, don Allah ya same ni ta akwatin saƙo. Ku kuma sa mu a addu'a.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya shirye mu mu ma iyayen.

Daga Gidan Igwai, Sakkwato.