Alhamza Ɗaya, Kwana Uku a Danchadi

Bayan na kammala digiri na biyu, aka ɗaure kundina aka ajiye kofe a ɗakin karatu na sashe, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Kalmomin da na jera a ratayen kundin, kusan ɗari shida da suka shafi noma da kiwo da saƙa, ba nawa ba ne. Daga bakin dattawan Danchadi na tattaro su, a Ƙaramar Hukumar Boɗinga, da wasu ƙauyuka na wajen Shagari. Ɗaya daga cikin dattawan, malamin makarantar allo wanda ya ara mini takardun ajami na mahaifinsa, ya tambaye ni ranar da na zo sallama: “To ɗana, in ka ƙare, mu mi za mu gani?” Na ce masa zan dawo da abin hannunsa. Na faɗi haka ne ban yi tunanin cewa kundin da boko aka rubuta shi ba, shi kuwa Malam ajami ne karatunsa.

Wannan alkawari ne ya kai ni ga koyon gina manhajar waya, ina da shekara talatin da ɗoriya, ban taɓa zama ajin kwamfuta ba. Abin da na ƙudurta bai taka kara ya karya ba: kowace kalma ta fito da boko, ta fito da ajami, a gefe kuma a sa maɓallin da za a taɓa a ji muryar wanda ya faɗe ta. Na sauke Android Studio a kwamfutata mai ƙwaƙwalwar gigabait 4, alhali a lokacin masu manhajar gigabait 8 suke ba da shawara. Wahalar farko ba ta da wani darasi a cikinta, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Gradle, wato injin da ke harhaɗa gutsattsarin aiki ya mayar da su manhaja guda, yana buƙatar sauke kayan aiki masu yawa a karon farko, sabis kuwa yakan yanke a tsakiya. Sai da na shiga Sakkwato na sauke komai a zama ɗaya, na kunna masa tsarin aiki ba tare da intanet ba, sannan na komo. Wayar gwaji ta cikin kwamfuta ta fi ƙarfin na'urata, na haƙura da ita, na riƙa jona wayata da kebul bayan na taɓa lambar ginin wayar sau bakwai domin buɗe zaɓin masu gina manhaja.

Ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne ranar da na zuba kalmomin cikin fayil ɗin da ake kira strings.xml, inda manhajar Android ke ajiye rubutun da za ta nuna. Na danna a gina, sai jan rubutu ya cika ƙasan allo, ginin ya rushe. Saƙon kuskuren bai nuna mini layina ba. Wani fayil ya nuna wanda injin ya haɗa da kansa, ni kuwa a lokacin ban san yadda ake bin sawunsa ba. Na yi zargin sabis, na yi zargin kwamfuta, har na goge aikin na sake daga farko. Kwana biyu suka wuce a haka, ina kai kwamfuta shagon caji da safe in karɓo da azahar.

A rana ta uku na koma ga dabarar da kowane ɗalibin nazarin harshe ya sani, wato a riƙa canza abu ɗaya a ga abin da zai sauya. Na raba jerin gida biyu na gwada kowanne, dukansu suka faɗi. Na sake rabawa, aka maimaita. Wannan ya nuna mini cewa ba layi ɗaya ne ya lalace ba, wani abu ne da ya bazu ko'ina. Na ci gaba da tsagawa har na iso ga layuka goma na sunayen ƙananan dabbobi, waɗanda nake da su iri biyu: yadda dattawan suka faɗa, da yadda na mayar da su daidaitacciyar Hausa. Na Sakkwatanci suka wuce lafiya lau, na daidaitacciyar Hausa suka rushe ginin. Na jera su gefe da gefe ina kallo: ɗiyat tunkiya a nan, 'yar tunkiya a can. Alhamza ce.

A cikin wancan fayil, alamar da muke rubuta alhamza da ita tana da wani aiki na daban, domin tana cikin alamomin da ake killace zance da su. Wanda yake nufin ta fito a matsayin rubutu sai ya sa mata karan nan mai jingina baya a gabanta, ko ya rufe jimlar duka da alamar zance mai baki biyu. Mai rubuta Turanci yakan ci karo da wannan jefi-jefi. Mai rubuta Hausa kuwa, da sana'a da jama'a da addu'a da 'ya'ya, kusan kowane sakin layi zai taka shi. Abin da ya ba ni dariya bayan haushi ya wuce shi ne, tarihin harshe ne ya cece ni. Masana irin su Paul Newman sun bayyana cewa sautin 'y ya samo asali ne daga ɗiy, siffar da karin harshen yamma ya riƙe har yau. Da a ce Danchadi ma 'ya suke cewa, da ban samu layukan da za su wuce in kwatanta ba.

A nan ne lamarin ya tashi daga matsalar ɗan koyo ya zama tamu, mu manazarta Hausa. Da na bincika sai na tarar alhamzar da ke cikin jerina ba iri ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya ta allon bugu, mai lamba U+0027 a tsarin Unicode, ita ce mai rushe gini. Akwai lanƙwasasshiya, U+2019, wadda manhajar buga rubutu ke sauyawa da kanta ba tare da an tambaye ta ba. Akwai kuma ta uku, U+02BC, wadda ita kaɗai Unicode ya lissafa a matsayin harafi, sauran biyun alamomin rubutu ne. A ido kusan ɗaya suke, amma ga na'ura abu uku ne, shi ya sa mai neman “sana'a” da ɗaya ba zai samu wadda aka rubuta da ɗayar ba. Tarurrukan daidaita rubutun Hausa, tun daga na Bamako a 1966, sun yi magana a kan siffar harafi a takarda, kuma ba laifinsu ba ne, domin zamaninsu ke nan. A Nijar an zaɓi ƴ, wadda ke da lambarta ita kaɗai, sai dai hakan bai raba su da alhamzar tsakiyar kalma ba. Ni dai na ajiye kalmomina da ta ukun, na kuma sa akwatin nema ya ɗauki dukkan ukun a matsayin abu ɗaya. A ganina wannan hukunci ne da ya kamata ya fito daga zauren masana, ba kowane ɗalibi ya yanke wa kansa a shagon caji ba.

Haruffa masu ƙugiya su ma sun karɓi rabonsu. Na sa wa muryoyin da na ɗauka suna da kalmominsu, sai ginin ya sake faɗuwa, saboda sunan fayil a wannan jaka ba ya karɓar komai sai ƙananan haruffan a zuwa z, da lambobi, da karan ƙasa. Na cire ƙugiyoyin, nan take ƙasa da kasa suka zama suna ɗaya, ɗari da dari suka yi karo. Dole na ba kowace murya lamba, na ajiye ainihin kalmar a wani jadawali. Akwai kuma gadon da muka ɗauko daga shekarun 1990, lokacin da zubin haruffa irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, suka fitar da masu buga Hausa daga ƙangin sa ƙugiya da biro. A irin wannan dabara ana aron wani maɓalli ne a ɗora masa siffar harafinmu. Kundina da q da x da v aka buga shi, don haka da na kwafo shi sai ga “qasa” da “xaki” da “vera”. Na ba da umarnin a sauya su duka a lokaci guda, Hanns Vischer ya wayi gari Ɓischer. Tun daga ranar nake duba sunayen baƙi kafin in danna.

Da ginin ya tsaya da ƙafarsa, sai rikicin shimfiɗar shafi ya taso, kuma ajami ne ya fi jin jiki. Na yanka wa kowane layi tsayi ƙayyadadde domin ya yi kyau a wayata. Boko ya zauna daidai, amma wasulan ajami suna hawa sama suna sauka ƙasa, sai akwatin ya yanke kan rufu'a ya datse kisira. Mafi muni shi ne ɗigon imala, wanda ke ba mu wasalin e: da ya ɓace, bambancin da mai karatu ke dogara da shi ya tafi. Maganin shi ne a bar akwatin ya buɗe gwargwadon abin da ke cikinsa. Haka kuma na koyi kada in cusa boko da ajami a layi ɗaya, domin ɗaya daga hagu yake tafiya ɗaya daga dama, aya da waƙafi su rasa wanda za su bi. Kowanne na ba shi akwatinsa.

Da na ga komai ya daidaita sai na tafi wurin Malam bayan la'asar, na tura masa manhajar ta Xender. Ya buɗe, na ga abin da ban taɓa gani ba a wayata: maɓallin murya ya hau kan rubutu, hoton kuma ya koma ɗaya gefen. Wayarsa da Larabci aka saita ta. Tun daga Android 4.2 na shekarar 2012, tsarin yana iya juya shafi gaba ɗaya ga mai harshen da ake rubutawa daga dama, muddin mai gini ya yi amfani da “farko” da “ƙarshe” a maimakon “hagu” da “dama”. Ni kuwa na gauraya su, rabin kayan suka juya, rabi suka tsaya inda suke. Ƙari a kan haka ya ƙara girman rubutun wayarsa saboda ido, abin da ban taɓa gwadawa ba. A raina na ce, ashe wayar mutum ɗaya na gina wa manhaja, wato ni.

Malam bai damu da wannan ba. Ya kawo wayar kusa da fuskarsa, ya daɗe yana duban kalma guda, sannan ya ce: “Ɗana, nan fara ka so ka rubuta ko ƙara?” Na ce, “Allah shi gafarta Malam, fara ce.” Ya ce, “To ina ɗigon yat tahi?” A rubutun Magariba da ake karatun allo da shi a ƙasarmu, bisa ruwayar Warshu, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A rubutun gabas, wanda allon bugu na waya ke bayarwa, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama. Ke nan abin da na buga a matsayin fa, idon da ya tashi da allo ƙaf yake gani. Malam ya san rubutun gabas sarai, littattafan bugun Misira cike suke da ɗakinsa. Abin da yake nuna mini shi ne Hausar mahaifinsa ba da wannan hannu aka rubuta ta ba. Wannan yanki ne da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Kai wa mutanen nan ajami mai ɗigo a inda bai dace ba abin kunya ne, kuma na ji ta.

Gyaran ya ci mako biyu. Unicode yana da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya tun da daɗewa, ya ƙara siffofin Warshu a 2016, sannan a 2020 ya shigar da wasu haruffa masu ɗigo uku da ajamin Hausa ke amfani da su. Samun lamba daban, samun zubin da zai zana ta daban. Na gwada Harmattan da Alkalami, dukansu na ƙungiyar SIL, na tsaya a kan Alkalami saboda an zana shi ne bisa rubutun hannu mai kauri irin na Kano, wanda ya fi kusa da takardun da Malam ya ara mini, ko da yake hannun Sakkwato yana da nasa kamanni. Na cusa zubin cikin manhajar kanta domin kada ta dogara da abin da ke cikin wayar mutum. Ginin ya sake rushewa sau ɗaya, saboda sunan fayil ɗin zubin yana da babban harafi da karan tsakiya. Wannan karon minti biyu ya ɗauke ni.

Na koma ranar wata Alhamis, lokacin da almajirai ba su da karatu. Malam ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa maɓalli yana sauraren muryoyin abokansa, biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya tun bayan da na ɗauke su. Da ya iso kan “gora” sai ya sake taɓawa, ya kuma taɓawa, ya ce wanda ya yi maganar sandar gora yake nufi, ni kuwa na fassara ta da goran zuba ruwa. Boko bai nuna bambancin ba, ajami ma bai nuna ba, domin a karin sauti yake. Muryar ce kaɗai ta riƙe shi. A daren na gyara, na sake ginawa, da safe na tura masa sabuwar. Kofen kundin da ke ɗakin karatu na sashe yana nan da goran ruwa a ratayensa.