Kwalin da Ba Nasa Ba

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma sarrafa shi, bincike ya tsananta a titunan Kano. A wannan tsakanin aka kama ƙanena, direban Adaidaita Sahu. Wani fasinja ne ya ɗauke shi shata daga Sabon Gari da kwali ɗaure da igiya. Da suka hango jami'an NDLEA, mutumin ya ce a tsaya zai sayi katin waya, ya sauka, ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Ana farke kwalin sai ga tiramadol mai miligiram 225, alhali wanda NAFDAC ta amince da shi 50 ne da 100.

Gida ya rikice. Inna tana kuka tana cewa kada maƙwabta su ji, Kawu yana cewa a nemi hanya. Kafin magariba har wani mai babbar riga ya yi sallama, wai ya san manya, a haɗa masa wani abu ya kashe maganar. Maƙwabcinmu, tsohon magatakardan kotu, shi ya taka wa abin birki. Ya ce, "Alhaji, kuɗinku kawai zai kashe. Ku nemi lauya tun yau."

Lauyan da muka sani shi ne wanda ya yi mana takardun fili. Ya gaya mana gaskiya cewa ba fanninsa ba ne, domin shari'ar ƙwaya Babbar Kotun Tarayya ke yin ta, sai ya tura mu wurin wata barista da ta saba tsayawa a can. Ba ta fara da zancen kuɗi ba. Tambayarta ta farko ita ce, "Ya ba da jawabi? Ya sa hannu?" Ta ce sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya ga lauyansa, dokar shari'ar laifuka ta 2015 kuma ta yarda lauya ya zauna a wurin ɗaukar jawabi. Mutane da yawa, in ji ta, tun a wannan takarda suke faɗuwa: tsoro ya sa su ce kayan nasu ne, a zatonsu za a tausaya.

Sannan ta buɗe dokar NDLEA, ta ɗora yatsa kan sashe na 19: shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya mallaki irin waɗannan ƙwayoyi da saninsa. Kawu ya cire hula ya share gumi. Ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Sai sun tabbatar ya san abin da ke ciki. Ku nemo mini wanda ya ga lokacin da aka yi lodi."

Muka yi ta zarya a kasuwa har Allah Ya haɗa mu da ɗan dakon da ya ɗora kwalin, ya kuma ga wanda ya biya shi. Da ƙyar ya yarda ya ba da shaida.

A kotun da ke Gyaɗi-Gyaɗi ƙanena ya musanta tuhuma, aka tsare shi a gidan yarin Kurmawa har muka cika sharuɗɗan beli. Neman mai tsaya masa ya fi komai wuya, don da jin kalmar ƙwaya sai dangi su fara kame-kame. Bayan ɗage zama iri-iri, alƙali ya wanke shi, ya sallame shi. Amma kafin nan mai babur ɗin da yake tuƙawa ya ba wani, iyayen budurwarsa sun mayar da kayan sa rana.

A zaman farko na ga wani yaro da bai kai ƙanena shekaru ba, ba lauya, ba ɗan uwa. Tafinta na gama karanta masa tuhuma ya ce, "Na amsa, a yi a gama." Barista ta gaya mini tun 1976 akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali, amma da wuya mai sanar da irinsa. Tun daga lokacin, duk wanda aka kama masa ɗa a unguwarmu, kafin in yi masa jaje sai na tambaye shi ko yaron ya sa hannu.