Ranar da muka kai yaranmu Dutsen Olumo



A taronmu na ƙarshen wata an sake tayar da maganar fita da yara yawon buɗe ido. Wasu iyaye suka ce ɓarnar kuɗi ce, wasu suka ce kasada ce. Ban samu na yi magana ba saboda ni ke rubuta abin da ake faɗa, shi ya sa na ce bari in faɗi tawa a nan.

Ni a ƙauye na tashi. Kafin in shekara 10 na iya hawa tsamiya, na san kiwo, na san rafin da ake shiga da wanda ba a shiga. Ɗana kuwa a nan Agege aka haife shi. Boko da safe, Islamiyya da yamma, da dare waya. Wata rana muna cin gyaɗa ya tambaye ni wace irin bishiya ce ke haifar ta. Na yi dariya, amma daren nan ban yi barci mai daɗi ba.

Wannan ne ya sa bara na nace har muka ɗauki yara 28 zuwa Abeokuta. Dutsen Olumo ya kai mita 137 a tsayi. A kogunansa mutanen Egba suka ɓuya lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa, wajajen 1830, kuma sunan garin ma'anarsa "ƙarƙashin dutse". Mai yi mana jagora ya nuna wa yara ramukan da mata suke niƙa a cikinsu. Malamin Islamiyyarmu ya ba su labarin Dutsen Dala na Kano da Kufena ta Zariya, ya ce ku duba, mu ma kakanninmu a gindin dutse suka kafa gari. Akwai wurin bautar gargajiya a jikin dutsen, wanda wasu iyaye suka yi fargaba a kansa. Mun wuce ta gefensa cikin mutunci, malam ya yi musu bayani, muka yi azahar a masallacin Sabo.

Daga can sama ana hango kogin Ogun da jajayen rufin gidajen tsohon gari. Yaran da ba sa rufe baki suka yi tsit. Wata yarinya da ko a aji ba a jin muryarta, ita ta riga kowa hawa, tana miƙa wa na bayanta hannu.

Amma ba zan ɓoye muku ba, an samu matsala, kuma laifina ne. Da muka sauko na ƙirga yara, sai na ga 27. Jikina ya yi sanyi, na tuna fuskar uwar da ta damƙa min ɗanta da asuba. Bayan kamar minti 15 muka same shi zaune a wani lungu kusa da matakala. Tsoron tsayi ne ya kama shi, kunya ta hana shi faɗa. Da na raba su rukuni-rukuni, kowanne da babba, da hakan bai faru ba.

Don haka masu tsoro suna da gaskiyarsu. Sai dai maganin abin shi ne shiri, kulle yaro a ɗaki ba ya koya masa kiyaye kansa. Abin da nake roƙon kwamiti ya amince da shi: babba ɗaya ga yara 5, malama mace tare da 'yan mata, takardar izini da sa hannun uba ko uwa, isasshen ruwa, akwatin magani, da ƙirga yara a duk inda aka tsaya. A kuma guji damina, don dutse yana santsi. Hutun Disamba ya fi.

Yaron nan da ya ɓace mana, makon jiya ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, "Baba, yaushe za mu koma? Wannan karon sai na kai sama." Na ce masa sai abin da taro ya yanke.

Iyaye, don Allah ku zo taro mai zuwa mu tattauna. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su a gida da waje. Amin.